Kaka ta shayar da waken gwaji

"...Ya ƙafar kuma, amarya?"

"Ta fi taka lafiya, maigida. Kai da ke zagaye gwangwanaye tun safe kamar wanda ya yar da allura."

Gaskiyar kakar ce, hankalin jikan nata ba a jikinsa yake ba. Wata jami'a a ƙasar waje ta buɗe gurbin digirin digirgir kyauta kan inganta irin shuka, ya kai zagayen ƙarshe, gobe kuma za su gana da shi ta bidiyo su ga gwajinsa. Wake iri biyu ya shuka a gwangwanaye, na gida da wani mai jure fari, ya hana su ruwa da gangan don a ga wanda zai fara langaɓewa. To ga su nan a baranda, duk shar da su! Ya tura yatsa cikin ƙasar, ya ji danshi. Ya juyo ya dubi kakar.

"Kaka, wa ya taɓa min waken nan?"

"Taɓawa? Ceto dai. Mugu! Ƙato da kai, ka zuba wa shuka ido tana kukan ƙishi. Haka za ka yi min ranar da na kwanta?"

"Wayyo Allah! Ai ƙishin shi ne karatun!"

"Ashe har jirgi ake hawa a koyo rowar ruwa? Kai ai tun kana goye ka gama wannan digirin."

"Tsohuwar nan kin kashe ni. Yau sai na sake ki!"

"Sake ni mana. Wa za ta kwashe ka da wannan ƙeyar?"

Dariya ta ƙi zuwa masa. Ya zube a ƙasa ya dafe kai, idonsa ya cika da ƙwalla. Nan ta ga abin ya wuce wasa.

"Waɗanda ka ɗora kan katanga ka manta da su fa?" ta ce a hankali. "Su ban kai gare su ba. Na jawo kujera, gwiwa ta ƙi."

Ya zabura ya leƙa. Na gida sun bushe ƙayau, mai jure farin yana tsaye, kore shar.

"Allah ya yi wa gwiwar nan albarka! Na mai da ke ɗakinki."

Ta tuntsire da dariya, ta miƙa masa butar da ta shayar da waken da ita.

"Ungo, ka ci nasara. Ɓoye ta kafin tausayi ya sake kama ni."

Sai ta kau da kai, tana gyara ɗankwalin da bai goce ba.

"In sun ɗauke ka, ka dinga kira. Ni ba mai jure fari ba ce."