Rasuwar Yamama, Wadda Fenti Ya Kashe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ɗan guntun haƙurin da tsufa ya bar mini, ni Kausar Shalabi, tsohuwar injiniya a Kamfanin Hudhud mai ƙera jirage masu saukar ungulu, nake sanar da rasuwar jirginmu Yamama, 'yar farin kamfanin, wadda ta cika ranar Alhamis a filin gwaji, a gaban manyan baƙi da 'yan badujala.

An haife ta a rumfar da muke gyaran injin ban-ruwa, zamanin da Turawa ke sayar mana da jirgi su hana mu leƙa cikinsa. Littafin tarihin kamfani ya ce hangen nesan shugabanni ne ya haife ta. Ni da na zana fukafukanta ban ga ɗayansu a rumfar ba sai ranar ɗaukar hoto.

Marigayiya ta yi wa auduga feshi daga Fayyum har Minya. Ta kwaso mutane daga kan rufi shekarar ambaliya, ta kai masu naƙuda asibiti, ba ta taɓa tambayar wannan matar waye ba. Muryarta tak-tak-tak ce a daidaice, kamar gwana tana yanka lalo.

Ciwon ajalinta ya faro ne da ta yi ritaya aka girke ta a bakin ƙofa. Al'adarmu ce, in babban baƙo zai zo, a shafe komai da fenti, har gindin itatuwa. To amma cikin fukafukanta huɗu, biyun da ke fuskantar titi kaɗai ake shafa mata, tunda baƙo ba ya zagayawa ta baya. Haka ta yi ta sha, shafi kan shafi, shekara da shekaru.

Da bikin cikar kamfani shekara hamsin ya zo, shugabanmu Dakta Safwat, wanda muke ce wa Basha don girmamawa, ya ce sai ta tashi.

Na ce, "Basha, a auna fukafukan nan tukuna. Biyu sun fi biyu nauyi."

Ya ce, "Haba Hajja, fenti ai kariya ne, kowa ya sani. Je ki inuwa, an ajiye miki kujera da lemo."

Tsohon matuƙinta, Kaptin Wagdi, da aka ce shi zai tashe ta, ya ce, "Basha, ni fa jikoki gare ni."

Ya ce, "To madalla, sai su gan ka a talabijin."

Maganarta ta ƙarshe ita ce tak, gurum, tak, gurum. Ta kama makyarkyata ta nufi rumfar baƙi. Kaptin ya karkatar da ita da ƙarfin tsiya, ta kife a kan yashi, shi kuma ya karye a kafaɗa. Ba wanda ya ko ƙwarzane cikin masu kwat.

Ta rasu ta bar 'ya'ya da jikoki, waɗanda akasarinsu ita ce dai aka sake wa suna da kujeru. Ta bar gwangwanayen fenti cike da ɗaki. Ta kuma bar Kaptin Wagdi, wanda kwamitin bincike zai zauna ranar Talata ya ƙwace wa lasisi bisa laifin ganganci. Dakta Safwat ne ya naɗa kwamitin, kuma saboda tawali'u ya yarda ya shugabance shi.

Za a yi wankan gawa ranar Talatar da safe a bakin ƙofa, kafin kwamiti ya zauna. Ni da sauran tsofaffin rumfa za mu kankare kowane fiffike, mu zuba fentin da ya fita a buhunsa daban, mu ɗora kan sikelin auduga da muka aro. Za a kafa rumfar ta'aziyya, akwai gahawa ba sukari. An keɓe wa Dakta Safwat kujerar gaba, shi zai karanta wa jama'a abin da sikeli ya nuna, tunda Allah ya hore masa murya.

Masu gwangwan da aka yi wa alkawarin gawar su ƙara haƙuri. Ba inda za ta sai Kaptin ya koma gida da lasisinsa a aljihu.