Rasuwar Ɗan Firit a Kan Hanyar Aiki

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙafafu duk sun yi bororo, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar babur ɗina, wanda aka fi sani da Ɗan Firit. Ya cika ranar Alhamis da ƙarfe takwas saura kwata na safe, a kan hawan da ke gaba da tsohon gidan mai, saura kilomita huɗu mu kai wurin aiki. Ya rasu yana da shekara uku da wata biyar. A hannuna ya cika, kuma in gaskiya za a faɗa, hannun nawa ne ya kashe shi.

Ranar da na zaɓe shi, su uku ne a jere a shagon dila: babba, matsakaici, sai shi a ƙarshe, ɗan ja mai ƙaramin inji. Na je da wan matata, wanda bakanike ne. Ya dubi ƙaramin sau ɗaya ya ce, "Kilomita arba'in da biyu zuwa, arba'in da biyu dawowa, kullum? Haba! Wannan ai na zuwa cefane ne. Ɗauki na tsakiyan." Ni kuwa na riga na yi nawa tunanin. Ba ya shan mai, ƙafata na taɓa ƙasa in na hau, kuma shi kaɗai zai shige ta ƙofar gidanmu ba tare da an fasa bango ba. Da ya ga na kafe, sai ya ce, "To, sharaɗi ɗaya. In ka ci rabin hanya, kashe shi minti goma ya sha iska. Ƙaramin inji ba ya son a shaƙe masa wuya tun daga gida har can."

Shekara uku na riƙe wannan amana. Kullum a rumfar mai faci muke tsayawa, ni in miƙe baya, shi yana ta ɗan "tis, tis" har ya huce.

Marigayi mai haƙuri ne, ba shi da girman kai. Bugu ɗaya yake tashi, ko da an kwana ana ruwa. Muryarsa "tif-tif-tif" ce, siririya, ba ta tayar da jaririn maƙwabta. Manyan motoci sun watsa masa taɓo, sun hura shi gefen titi, bai taɓa ramawa ba sai da ɗan hon ɗinsa, "fiit", wanda ko akuya ba ta matsa masa. Ya ɗauke ni zuwa kamfanin katifa inda nake kula da sito, ya dawo da ni, da leda ɗaya a hannun dama, ɗaya a hagu. Shi ya ciyar da gidanmu, ni dai direbansa ne.

Rashin lafiyarsa ta fara ne daga wani jan biro. An kawo mana sabon manaja, ya ajiye littafin sa hannu a bakin ƙofa. Takwas na bugawa sai ya ja layi ja a ƙarƙashin sunan ƙarshe. Wanda ya faɗa ƙasan layin sau uku a wata, takardar sallama. A watan kuma aka rufe gada don gyara, aka mai da mu ta hanyar tsakuwa mai ƙarin kilomita shida. Masu cewa da na riƙa fitowa da wuri, na gode, Allah ya bar ku da lafiyar iyayenku. Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki, ni kaɗai ke iya ɗaga shi in yi masa wanka in zaunar da shi, kuma tsoho ba buhu ba ne da za a sure shi a guje. Na duba ko'ina ban ga inda zan yanko lokaci ba, sai a cikin mintuna goman Ɗan Firit.

Na fara wuce rumfar mai faci ina ɗaga masa hannu. Duk da haka na faɗa ƙasan layi sau biyu. Sai na ƙara murɗa totur. Marigayi ya yi ta ba ni alama: zafi na dukan idon sawuna, wani ƙauri na tashi, ga sabuwar murya, "kir-kir-kir", a duk hawa. Na ji sarai. Na ce ya yi haƙuri wata ya ƙare.

Bai kai ba. Ranar Alhamis, a tsakiyar hawan nan, ya ce "ƙaƙaƙa", ya ce "ƙat", tayar baya ta ja ƙasa, shi ke nan. Na buga, na sake bugawa, abin bugun ya ƙame kamar an haɗa shi da walda. Na tura shi kilomita huɗu, gumi har cikin takalmi, na sa hannu tara saura minti ashirin. Manaja bai ko ɗago kai ba. Washegari aka miƙo mini takarda a farin ambulan.

Wan matata ya kwance injin da kansa. Ya ɗago fistin da ya narke ya manne, ya ce, "Ka daina tsayawa, ko?" Ya goge hannu ya mai da ƙusoshi cikin gwangwani, bai ƙara ko kalma ɗaya ba. Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Marigayi ya bar hular kwano mai tsaga a ƙeya, da rigar ruwa, da madubi ɗaya, da fulogi sabo fil da bai taɓa amfani da shi ba. Ya bar matata da 'ya'ya biyu. Ya bar mai faci, wanda ya aiko cewa tun ranar da na fara wucewa ya san za a yi haka.

Za a yi masa rakiya ranar Asabar da ƙarfe goma na safe, daga ƙofar gida zuwa wurin masu sayen tsohon ƙarfe a bayan kasuwa, inda za a ɗora shi a sikeli. Kada kowa ya kawo mota, ni zan tura shi.

Ana karɓar gaisuwa a gida, kowace rana, safe ko yamma, duk lokacin da kuka zo za ku same ni. Roƙona ɗaya ga masu zuwa: ku yi ta'aziyyar babur kawai, ku rage murya in kun zo kusa da ɗakin Baba. Na gaya masa hutu aka ba ni, kuma ya yi murna ƙwarai.