Ɗan Tsako da Yajin Aiki

Wani ne fa, ɗalibin zane-zane a jami'ar gwamnati. Ya daɗe a makarantar nan har masu gadi suna ce masa "yallaɓai". Ƙannensa sun gama, wasu har da goyo. Shi kuwa aiki ɗaya ya rage masa ya fita.

Malaminsu, wani siririn dattijo mai riga ruwan toka, ya ce, "Kowa ya zana abu mai rai. Ranar dubawa ka zo da zanen, ka zo da abin, in ajiye su gefe da gefe. In ba su yi kama ba, sai baɗi."

Wani ya zaɓi doki, wata ta zaɓi kakarta. Gogan naka ya ce shi ba zai kashe kansa ba. Ya je gida ya cafko ɗan tsakon Innarsa. Ƙwallo ɗaya na rawayan fenti, ɗigo biyu, ɗan baki. Shi ke nan! Ya riƙa bin 'yan ajinsu yana cewa, "Sannunku da wahala."

Ana gobe dubawa, malamai suka tafi yajin aiki.

Aka yi ta zama, aka yi ta zama. Ranar da aka janye, ya shigo ɗakin zane da kwali a hammata. Ya jingina zanen, ya buɗe kwalin. Wani jibgegen zakara ya yi tsalle ya hau teburin Malam, ya buga fukafukai, ya rangaɗa cara.

Malam ya dubi zane, ya dubi zakara.

"Ina zankon?"

"Malam, lokacin ba shi da shi."

"Jelar fa?"

"Wallahi shi ne, Malam. Dubi idon!"

"Ni abin da ke gabana nake dubawa. Je ka sake."

Kai, bawan Allahn nan ya sha wuya! Zakara ba ya tsayawa. Ya ɗaure shi, ya tsinke. Ya ba shi tsaba, ya juya masa baya. Ya sha sara a hannu har ba ya iya riƙe buroshi. Amma ya zana shi gashi bayan gashi, har ni da na gani sai da na tausaya masa.

Ana gobe dubawa, aka koma yajin aiki.

Wannan karon ya ce ba za a yi biyu ba. Kullum sai ya ɗauko zanen ya gwada da zakaran, in ya ga ya fara ƙiba ya rage masa tsaba. Rannan ya dawo gida ya tarar Kawu ya zo, gida sai ƙamshi. Aka zuba masa, ya ci, ya tanɗe hannu.

"Inna, yau kam an yi girki! Ina kika samo nama haka?"

"Wannan ramammen zakaran da kake azabtarwa. Na ce gara ya huta."

Da aka dawo, ya kai wa Malam zanen da ƙafafu biyu a leda.

"Mai rai na ce," in ji Malam. "Je ka sake. Kuma wannan ce ta ƙarshe."

To, wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Gogan ya daina kallon dabbobi. Ya koma can bayan aji da allonsa, ba ya magana da kowa. Aka sake tafiya yajin aiki, ko a jikinsa.

Ranar dubawa ya shigo da zane a lulluɓe, ba kwali, ba igiya.

"Ina abin naka mai rai?"

Ya yaye ƙyallen. Sai ga Malam da kansa: rigar nan ruwan toka, dogon wuya, tabarau ɗaure da zare.

Malam ya miƙe.

"Kai! Duk halittun Allah, ni ka ga dama?"

"Malam, yi haƙuri. Kai kaɗai na tabbata za ka je yajin aiki ka dawo ba ka ƙara ƙiba ba, kuma Inna ba za ta yanka ka ba."