Gam Bai San Ranar Laraba Ba

Jiya a layin mai na ji an yi wa mutum ɗaya shari'a sau uku, kuma babu hukuncin da ya yi kama da ɗan'uwansa. Tun hantsi nake tsaye da jarkoki biyu na injin wutar kamfaninmu. Layin ya ƙi motsi, sai jama'a suka koma ga abin da bai taɓa yankewa ba, wato zancen wanda ba ya nan.

Mai faci ne ya fara. "Ai tsohon nan da gangan ya yi. An ce rabin gam ɗin ya sa, rabin ya kai gida."

"Ya yi me da shi a gida?" in ji mai shayin bakin hanya. "Ya shafa a burodi?"

Wata mai ɗinki da ta zo da 'yar jarkarta ta gyara tsayuwa. "Ni dai abin da na ji, kansa ne ba daidai ba. Da inji yake hira. Sai ya kanga kunne a jikin ƙarfe yana gyaɗa kai kamar ana gaya masa asiri."

"Girman kai ne kawai," direban da ke bayanmu ya leƙo ta taga. "Manya sun ce ya yi sauri, ya ce shi ba ya sauri. Wane ne shi?"

Shiru sana'ata ce ta biyu, kuma na fi ƙwarewa a kanta. Amma na san mutumin da suke zance. Mai Kunne muke ce masa. Shekara ashirin da shida muna aiki a rumfa ɗaya, shi yana kan injin manne, ni ina kan wuƙar yanka.

Aikinmu ba wani abin mamaki ba ne. Fallen alminiyom ne da bai kai fatar albasa kauri ba, in ka yi atishawa kusa da shi sai ya yamutse. Shi kaɗai ba ya iya komai, yagewa yake yi. Sai a shafa masa gam, a haɗa shi da takarda ko yadi, su bi ta tsakanin gangunan ƙarfe biyu masu zafi su matse su, a naɗe. Wanda aka haɗa da takarda shi ne kuke yagewa ku zuba ganyen shayi ko garin magani. Wanda aka haɗa da yadi kuma a ƙarƙashin kwano ake shimfiɗa shi don ya mayar da zafin rana. Sirrin ɗaya ne tak: in naɗi ya sauka daga inji, sai ya kwana uku a wani ɗaki mai ɗumi da muke kira ɗakin kwana, ba mai taɓa shi, har gam ya kama. Mai Kunne ke rubuta ranar da alli a gefen kowane naɗi. Ba rubutu ba ne ma, zane ne, don bai yi makaranta ba. Ran na uku ya sa farcen babban yatsa a kusurwa ya gwada ɓamɓarewa. In ta ƙi, ya ce, "Ya tashi." In ta yarda, ya ce, "Ku bar shi ya yi barcinsa."

To, sai Allah ya haɗa mu da Kwamitin Sa Ido Kan Kwamitocin Ƙarfafa Kayan Gida, Allah ya ƙara masa kujeru. Wannan kwamiti mai albarka ya gina babban zauren koyar da sana'a, ya kuma yanke shawarar a shimfiɗa yadinmu a ƙarƙashin rufinsa, don duniya ta shaida mu ma muna ƙera abu. Madalla. Takardar odar ta yi wata biyar tana yawon gaishe-gaishe daga tebur zuwa tebur. Ba na zarginta, teburan suna da yawa, kuma kowanne yana da mai shi, mai shi kuma yana taro. Ran Litinin da azahar ta iso mana, tare da wani jami'i mai wayoyi uku da takalmin da za ka iya duba fuskarka a ciki. Ya ce Mai Girma Mai Almakashi zai buɗe zauren ran Laraba, domin ran Alhamis zai tashi zuwa ƙasar waje taron koyo yadda ake son kayan gida.

Manaja ya kira mu. Mai Kunne ya goge hannu a tsumma ya ce, "Ranka ya daɗe, manne kam yau za mu gama. Amma sai Alhamis da yamma zai ɗauku."

"Baba, ba ka ji ni ba," in ji mai wayoyi uku. "Laraba na ce."

"Na ji ka, ɗana. Gam ne bai ji ba. Shi bai san Laraba ba, kwana uku ya sani."

"To a sa shi ya hanzarta."

"Wa?"

"Gam ɗin mana! Ku ƙara wuta, ku ƙara wani abu. Ba aikinku ba ne?"

"In na ƙara wuta takardar kanta ƙonewa take yi, balle yadi. In kuka ɗauke shi ɗanye kuka sa a ƙarƙashin kwano, rana ta doke shi, rabuwa zai yi. Ƙarfe ya kama gabansa, yadi ya kama gabansa."

Jami'in ya dubi manaja irin kallon da ake yi wa wanda karensa ya yi haushi a gaban baƙo. Manaja ya dubi silin. Mai Kunne ya maimaita maganarsa sau uku, na ƙirga, don ina tsaye a gefensa riƙe da ma'auni. Washegari da safe mota ta zo, aka shiga ɗakin kwana aka tashi naɗi goma sha biyu daga barci, allin jiya bai ko goge ba. Mai Kunne ya tsaya a bakin ƙofa yana kallo kamar ana fitar da mara lafiya daga asibiti ba sallama.

Ran Laraba aka kai mu zauren, mu ma'aikata, aka jera mu a baya don hoto. Gaskiya rufin ya yi kyau. Walƙiya yake yi har sai ka kanne ido. An ce taro ƙarfe goma, Mai Girma ya iso ƙarfe ɗaya saura, don girma ba ya zuwa da wuri. Wannan jinkiri kuwa shi ya ba rana damar yin aikinta a kan kwano cikin natsuwa.

Ya yanke ƙyalle, aka tafa. Ya hau mumbari ya fara bayanin yadda shi da kansa ya hana idonsa barci don ganin wannan rana. Yana cikin cewa "wannan aiki zai daɗe har jikokin jikokinmu," sai na ji wani ɗan sauti a sama, siririn sauti, kamar ana ɓare alawa a ɓoye. Na dubi Mai Kunne. Shi tuni ya rufe ido.

Falle na farko ya saki yadinsa ya sauko a hankali, yana lilo, yana ƙyalli, ya sauka a kan teburin manyan baƙi. Jama'a suka ɓarke da tafi, sun ɗauka cikin shirin ne. Mai ganga ma ya ƙara wuta. Na biyu ya fi tsayi, ya kai zira'i goma, shi ne ya zaɓi Mai Girma. Ya sauka a kan hularsa, ya lulluɓe kafaɗunsa, da yake kuma gam ɗanye ne, ya kama babbar rigar nan kamun da ya ƙi yi wa yadinmu. Masu tsaro huɗu suka yi kansa. Mai wayoyi uku yana ihu, "A kashe kyamara! A kashe kyamara!" Mai Girma kuwa yana ciki yana juyi, kamar ganyen shayin da aka naɗe za a kai kanti. Ni dai a wannan rana na tabbatar kayanmu suna da inganci, don sai da aka sa almakashin nasa aka fito da shi.

Ba a yi sanya ba. Kwamitin da ya yi wata biyar kafin ya aiko takarda ɗaya, cikin yini biyu ya haifi Kwamitin Binciken Musabbabin Saukowar Rufi. Suka zo kamfani mutum tara, suka zagaya injin suna riƙe da hanci. Ɗaya ya tambaya ko ba za a iya yin aikin ba tare da gam ba, tunda shi ne ke kawo matsala. Wani ya rubuta shawarar. Ba wanda ya tambayi ranar da aka ɗauki kayan. Rahotonsu ya gano cewa "an samu sakaci daga ɓangaren mai kula da inji." Kun lura da "an samu"? A wurin manya laifi ba a yin sa, samunsa ake yi, kamar tsintuwa, kuma kullum a aljihun ƙarami ake tsintarsa.

Yanzu ga inda nake ta kewaye-kewaye don kada in iso. Rahoton yana bukatar shaida daga cikin ma'aikata, wanda ya iya karatu. Ni ne. Ina da shekara arba'in da ɗaya na shiga ajin karatun manya, 'yata ta fari ce take duba mini aikin gida. Ranar da na fara sa hannu da biro maimakon dangwale, sai da na yi hawaye. Tun daga nan ba a taɓa miƙo mini takarda na mayar da ita fara ba, har abokan aiki suka laƙaba mini Malam Biro. Na karanta rahoton nan tsaf, kowace kalma na gane ta. Na ga babu Litinin a ciki, babu kwana uku, babu gargaɗi sau uku. Manaja ya yi gyaran murya ya ce, "Malam, kai mai iyali ne." Na sa hannu. Har da 'yar lanƙwasar nan ta ƙarshe da nake alfahari da ita.

Aka dakatar da Mai Kunne "har sai an kammala bincike," bayan an kammala binciken. Da zai fita ya ɗauki allinsa da tsummansa, ya bi ta gabana ya ce, "Sai an jima, Malam Biro." Ko harara bai yi mini ba. Da ya zage ni da na samu abin riƙewa.

Injin yanzu yana hannun surukin manaja, wanda ya yi kwas na mako biyu kuma yana da takardar shaida mai tambarin zinariya. Naɗin da yake sauko mana duk tamoji ne kamar goshin tsoho. A gida kuma uwar 'ya'yana ta daina ce mini komai a kan maganar, sai dai in ta kawo abinci ta ajiye biro a gefen kwanon ta ce, "Ko za ka sa hannu ka karɓa?"

Makon jiya na rubuta wa kwamitin cewa na janye sa hannuna, na zayyana abin da na ji da kunnena. Suka ce akwai ƙaramin kwamitin da ke karɓar janyewa, amma ba a ƙaddamar da shi ba, ana jiran Mai Girma ya dawo da almakashi. Shi ya sa na kawo maganar nan shafin jarida. Manaja yana karanta jarida, na sani. Ka karanta da kyau, ranka ya daɗe, sau uku aka faɗa.

Mu koma layin mai. Da direban nan ya sake cewa "Wane ne shi?" sai na ji jarkokin sun yi mini nauyi alhali ba komai a ciki. Na bar su wurin mai shayi na kama hanya. Ban yi asarar komai ba, an ce layin har yanzu yana inda na bar shi.

Na sami Mai Kunne a tsakar gidansa, a ƙarƙashin rumfar kwano, yana gyara wa matarsa marfin tukunya. Rana tsaka ce amma wurin da sanyi. Na ɗaga kai, sai ga guntayen yadinmu da aka yar shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ya shimfiɗa su a ƙarƙashin kwanon. Ko kusurwa ɗaya ba ta ɗaga ba.

"A'a, ƙanina ne yau a gidanmu?" in ji matarsa. "Ko hanya ce ta ɓace maka?"

Na gaishe su, na zauna a bakin tabarma, na zaro takardar da na yi kwana biyu ina tsarawa, na miƙa masa da hannu biyu.

Ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa. "Mece ce wannan?"

"Yaya, bayani ne. Na rubuta komai a ciki."

"Ka san ni da takarda sai dai in shafa mata gam." Ya miƙo mini abata. "Da takarda ka kayar da ni, da takarda kuma za ka tashe ni? Ba ka da baki?"

Ya ci gaba da bubbuga marfinsa.

"Yau kwana nawa da dakatar da ni?" ya tambaya, bai ɗago ba.

"Goma sha tara."

"Goma sha tara. Gam ma uku yake yi ya kama." Ya dubi matarsa. "Ke, bar wankin nan ki zo. Malam Biro zai yi magana, ba kullum ake samu ba."

Ta zo ta tsaya tana share kumfa a zaninta. Maƙwabciyarsu ma ta leƙo ta kan katanga, ba wanda ya kore ta. Manya in za su ba da haƙuri sai su ce an yi nadamar abin da ya faru, ba ka san wa ya yi ba, ba ka san wa ya yi nadamar ba. Na lalubi irin wannan jimla a kaina, na same ta, tana da daɗin faɗa ƙwarai. Sai na ninke takardar na sa a aljihu, na cire hulata.

"Yaya, ka faɗa musu sau uku, ina tsaye, na ji. Na karanta ƙaryar na gane ta, na sa hannu don tsoro. Ni na yi, ba wani ba. Na cuce ka. Don Allah ka yafe mini."