Yadda Za Ka Kashe Talabijin Ka Bar wa Inna Mutanenta

Idan mahaifiyarka ta zo zama gidanka, tana son wasan kwaikwayo kamar ranta amma ba ta yarda 'yan wasan su gan ta ba, kwantar da hankalinka, ka faɗo hannun masani. Hanyar nan tabbas ce. An gwada ta a kan mutum ɗaya, Dogo mai ɗinkin labule, kuma har yau yana raye.

1. San girman matsalarka

Innar Dogo ba ta cin abinci in talabijin na kunne. Mai karanta labarai, in ji ta, ba shi da kunya, duk kusurwar da ta koma idonsa na kanta. Sai ta ja mayafi, ta juya baya, abinci ya huce. In aka kashe kuma falo ya yi tsit, ta rasa sanin ko matar nan ta cikin wasa ta fito daga kurkuku. Dogo da matarsa su fita aiki tun safe, su bar ta da agogon bango. Ba a jima ba ta ɗaure kayanta ta ajiye bakin ƙofa, ta ce gidan Yaya, wan Dogo, za ta koma. Hankalin Dogo ya tashi. Ya daɗe yana roƙo kafin ta yarda ta zo, kuma ya san Yaya ba zai ce komai ba, murmushin nan nasa kawai zai yi.

2. Kada ka kawo ilimi

Dogo ya zauna ya yi mata bayani tiryan-tiryan cewa gilashi ba ya gani. Ta saurare shi har ya gama, sannan ta tambaye shi, in mutumin ba ya ganin kowa, wa yake yi wa barka da warhaka? Kai ma haka za ta yi maka, don haka kama bakinka.

3. Kada ka rufe shi da labule

Dogo ya ɗinka masa mai ninki biyu, har da leshi a gefe. Inna ta ce shi da sana'arsa ke nan ai ya fi kowa sanin abin da mutane ke yi a bayan labule.

4. Cire dillali

Yanzu aiki ya fara. Dubi amfilifayarka, akwatin nan da ke raba wa lasifikokin falo murya. Da ka kashe talabijin ita ma sai ta yi shiru. Dalili kuwa, dikoda, akwatin da ke kamo tashoshi, ita ce ke gaya wa talabijin, talabijin ya gaya wa amfilifaya. Shi ne dillali, kuma dillali in ya kwanta ciniki ya tsaya. Rarrafa bayan teburin. Zare wayar dikoda daga bayan talabijin, ka cusa ta kai tsaye a bayan amfilifaya. Ramukan duk kamarsu ɗaya, gwada su bi da bi. A can za ka tarar da ƙura, da takalmi ƙafa ɗaya, da cokalin da aka taɓa zargin maƙwabciya a kansa. Matarka za ta haska maka da wayar hannu tana ba ka shawara. Kada ka amsa, ita ke riƙe da fitila.

5. Raba zumuncinsu

Ko ka sauya waya, waɗannan biyun, talabijin da amfilifaya, suna nan suna gulma ta ƙarƙashin ƙasa: ɗaya ya mutu, ɗayan ya bi shi don kara. Shiga saiti ka nemo wurin da aka ƙulla wannan amana, ka kashe. Kowane kamfani da sunan da ya raɗa wa wurin, don kada ka gane. Dogo ya yi ta danne-danne har rubutun ya koma wani harshe da ba wanda ya taɓa gani a gidan. Bai fasa ba, kuma a nan ne ya dace. Masana sun tabbatar cewa na'ura ta fi jin maganar wanda bai san abin da yake yi ba.

6. Gwada, kuma duk abin da aka tambaye ka, ka ce e

Talabijin baƙi ƙirin. Inna ta zauna, ta sauke mayafi, ta jawo kwano. Sai aka ƙwanƙwasa ƙofa daga lasifikar da ke bayan kujerarta. Ta ce a shigo. Mace ta fashe da kuka ta hagu, namiji ya daka mata tsawa ta dama. Dogo ya saci kallon ƙunshin kayan.

Inna ta waiga a hankali. "Fitowa suka yi?"

"Sun fito, Inna."

"Suna ganina?"

"An kashe musu ido."

Ta kai loma baki. Can ta juya wajen lasifikar taga, ta wanke mijin matar nan tas, ta ce ta daɗe tana neman inda za ta same shi.

7. Zauna da abin da ka jawo

An kwance kaya. Da Yaya ya bugo waya, ta ce masa ba za ta samu zuwa ba, tana da baƙi. Yanzu Dogo in ya shigo sai ya gaida kusurwa huɗu. Ƙwallo kuwa ya haramta, don ranar da ya kunna, Inna ta ce wa ya gayyato mata gari guda ba a sanar da ita ba.

Wata rana ya dawo ɗaukar almakashin da ya manta, ya tsaya bakin ƙofa, ya ji tana gaya wa lasifikar taga cewa Allah ya yi musu albarka, su kam ba sa gaggawar fita, suna zama da mutum. Maganar ta soke shi. Ya ajiye takalmi, ya shiga ya zauna kusa da ita, ta matsa masa kwano tana ce masa ya yi magana a hankali, ana shari'a. Shagonsa bai buɗe ba sai washegari.

Gargaɗi: marubucin nan ba shi da hannu a wayar da ta ƙone, ko abincin baƙi da aka ƙara a tukunya, ko labulen mutane da bai samu ɗinkuwa ba. In kuma ka ji mahaifiyarka na yi wa akwati godiya, kada ka neme ni, wannan ba matsalar waya ba ce.