Yadda Za Ka Raba Damuwa da Matarka Ba Tare da Ka Gaji Ba

Maigida, bi matakan nan, na ba ka tabbacin aurenka zai zauna lafiya, kai kuma har ƙiba za ka yi. Maƙwabcina Bahrom, direban tasi a birnin Andijan, ya gwada su lokacin da ɓarin jikin mahaifiyarsa ya shanye, aka dawo da ita gidansa.

1. Yi rabon adalci
Bahrom ya zaunar da matarsa Gulchehra, ya ce jarrabawar nan tasu ce su biyu. Ita ta ɗauki wanka, juya tsohuwa, wankin zannuwa da ba ta abinci a baki. Shi ya ɗauki tunani. Kada ka raina tunani, nauyi gare shi, shi ya sa ake yin sa a kwance.

2. Nemi shawarar masana
Suna gidan shayi. Kishingiɗa a tsakiyarsu, ka riƙa cewa "mu": mun kwana a tsaye, mun sha wanki. Tausayi ya sa har dafa-dukan naman rago aka sayo wa Bahrom.

3. Saurare ta
In ta ce bayanta zai karye, ce naka ma. Bahrom ya ƙara da cewa mahaifiyarsa 'ya'ya shida ta raina ba ta taɓa ƙorafi ba.

4. Yabe ta a gaban dangi
Ranar da suka zo dubiya ya ce Gulchehra ƙarfe ce, ba ta san gajiya ba. Gulchehra ta ajiye butar shayi a hankali, ta kira shi da sunan 'yarsu.
"Baban Nodira, ƙarfen zai je gidan yayansa ya huta."
Ta ɗauki jaka ta fice.

5. Kada ka firgita
Bahrom ya firgita. Ya ƙona miya, ya kasa juya tsohuwar, ya durƙusa a bakin gado yana kuka. Ita da ba ta yi magana ba tun kwanciyarta, ta dube shi ta ce, "Raggo." Likita ya ce alamar sauƙi ce.

Da Gulchehra ta ga dama ta dawo, ta same shi a bakin famfo, hannu duk ya tsage, yana fama da zanen gado. Ba ta gaishe shi ba. Ta dai kama ɗaya bakin zanen, suka matse tare.

Gargaɗi: in taka ta tafi ba ta dawo ba, kada ka zo min da jiƙaƙƙen zane. Ba ni na aure ta ba, uwar ma ba tawa ba ce.