Wayar Butar Alhaji Sabitu

Ka taɓa haɗa kwamfuta da hannunka, ka ɗaure sukurori goma sha huɗu ba ka bar ko ɗaya ba, ka danna makunni, ta yi maka shiru kamar ba da ita kake ba? Abin da ya sami Tawfiq ke nan a gidan kakarsa, Hajiya Meimuna, a Zongon Lome. Ɗaya-ɗaya ya tara kayan cikin, wasu a babbar kasuwa, wasu sai da ya tsallaka iyaka zuwa Aflao ta Ghana. Ba don wasa ya haɗa ta ba. Akwai wani kaset da marigayi kakansa, Alhaji Sabitu, ya yi magana a ciki ya aiko daga Kumasi zamanin yana fataucin goro. Zaren ya yi laushi, ana tsoron sau ɗaya zai juya ya tsinke, don haka dole kwamfuta ta kama muryar tana fita. Rikodar kuma ta aro ce, ta abokinsa Rachid, wanda zai wuce da abarsa Cotonou da yamma.

Yana durƙushe kan tabarma, cikin kwamfutar a buɗe, Hajiya ta fito da kujerarta.

"Lafiya lau, maigida. Ya mai jiki? Ko an yi rasuwa, in aika a sanar a masallaci?"

"Da sauƙi, tsohuwa. Barci take. Ke ma ai sai kin ji ƙamshin koko kike motsi."

"Ni ko ba koko fankar hancina tana juyawa. Taka fa?"

Gaskiya ta faɗa. Fanka uku ne a ciki, ba wadda ta ko girgiza. Tawfiq ya zare ram biyun, 'yan allunan ƙwaƙwalwar kwamfutar, ya hure su ya mayar. Ya bi 'yan siraran wayoyin makunni da tocilan waya, ya duba ɗan maɓallin da ke bayan akwatin wuta, ya ga a kunne yake. Ya soka cajarsa a rallonge ɗin, wato soket mai doguwar igiya, wayarsa ta kama caji. Wuta dai akwai.

"Ka mare ta," in ji Hajiya. "A tsohon Zongo, kafin a kwaso mu nan, akwai rediyon da kakanka ya kawo, girmanta kamar akwatin lefe. Idan ta yi gardama, mari ɗaya a kunnen hagu, sai ka ji Kaduna. Layinmu duka kan tabarmarmu suke jin labarai, har 'yan Mina masu kifi."

"Shi ya sa har yau kike jin rabin magana. Rediyon ta rama a kunnenki."

"Rabin da nake ji ya fi ƙarfin abarka. Faransancin da aka biya maka, ka yi mata mana. Ka ce mata bonjour, ko ta amsa."

"Ke fa da kika ce kin taka daga nan zuwa Kumasi da huhun goro a ka, ga baba a goye?"

"Da shi da buhun gishiri. Kai kuwa zuwa bakin titi sai ka tsayar da zemidjan ka hau babur. Wannan miji da aka ba ni, Allah dai ya saka mini."

"Ki yi haƙuri da ni, ba mai karɓarki yanzu. Haƙori huɗu suka rage."

"Biyar. Mai ƙidaya bai iya ƙidaya ba."

Ya yi dariya, amma idonsa na kan inuwar katanga da ta fara miƙewa. Rachid ya riga ya bugo ya ce yana ɗaure kaya. Ita ma Hajiya, duk surutun nan, kaset ɗin yana kan cinyarta, tana shafa shi da gefen mayafi. Tun rasuwar Alhaji ba ta yarda an sa shi ba.

Tawfiq ya jawo baƙar wayar wuta don ya sake matsa ta. Hajiya ta tsaya da shafar kaset.

"Miƙo mini kan wayar nan in gani. Ina ka samo ta?"

"Ɗakin Alhaji, jikin tsohuwar butar shayinsa ta lantarki. Bakinta ɗaya da na kwamfuta. Me zai sa in sayi wata?"

Ta juya filogin mai ƙafa uku a tafin hannunta, sai dariya ta kama ta har ta dafa bango.

"Ɗan Lome. Kai masu ƙafa biyu ka tashi ka gani. Wannan ɗan Ghana ne, yana da fis a cikinsa."

"To, fis ɗin ya ƙone ke nan?"

"Bai ƙone ba, ba ya ciki. Ubanka da ƙannensa ƙwai suke dafawa a butar nan da zarar Alhaji ya ba da baya. Sai ya zamana duk tafiyar da zai yi, ya kwance filogi da bakin wuƙa, ya cire fis, ya ba ni ajiya. In ya dawo, kafin ya cire hula, zai ce, Meimuna, ina amanata?" Ta miƙa masa filogin. "Ranar da za a kai shi asibiti ma sai da ya sa aka miƙo masa wuƙa. Ya ce in ajiye, zai dawo ya sha shayi."

Tawfiq ya kwance filogin. Gurbin fis wayam.

"Yana nan, Hajiya?"

"Au, yau na zama Hajiya? Yana nan. Amma amanar miji ce, ba a ba ƙaramin miji sai ya faɗi gaskiya. Kai da shi, wa ya fi iya riƙe gida?"

"Shi da ya ɓoye wa 'ya'yansa wuta?"

"To, Rachid ya gaida Cotonou."

"Shi ne. Shi ne, na yarda. Kuma farin goronki yana kaina har watan azumi."

"Manya, ba irin naka na rowa ba."

Ta shiga ɗaki ta fito da gwangwanin tozali. A ƙasansa, cikin ƙyalle, ga ɗan fis bai kai gaɓar yatsa ba. Tawfiq ya sa, ya ɗaure, ya danna. Fanka uku suka tashi tare.

Ya haɗa rikoda, ya kunna ɗauka, sannan ya danna kaset. Aka ji shuuu, aka ji hayaniyar tasha, sai murya mai kauri ta yi sallama.

"Meimuna, na sauka lafiya. Goro ya yi tsada bana. Ki gaida mutanen layi. Kada ki bar yaran nan su taɓa mini buta."

Hajiya ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa, ba a san dariya ba ce ko kuka.

"Ka ji ko," ta ce daga cikin mayafin. "Da kai yake."

Zaren bai tsinke ba sai da Alhaji ya gama addu'a.

In taka ta ƙi tashi, kafin ka zargi ram ko ka koma wa mai shago da faɗa, ɗauki wuƙa ka buɗe filogin. In kuma akwai tsohuwa a gidanku, tambaye ta wayar ta wa ce. Gwada ka gani.